Tambayi Likitan Dabbobi: Bakin tsakar ɗana ya karkace

TAMBAYA

Assalamu alaikum Likita, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ni uwa ce, a Mabera nake zaune. Ƙanen maigidana da ke aiki a Abuja ya kawo wa ɗana mai shekara 14 wata irin tsaka ta ƙasar waje, rawaya mai ɗigo-ɗigon baƙi, da wutsiya mai kauri. Gaskiya ni ban so ba, don mu mun taso mun iske ana kashe tsaka, ba a kiwon ta. Amma yaron ya ƙwallafa rai a kanta. Tana cikin akwatin gilashi a ɗakinsa. Da farko tsutsotsin da aka kawo ta da su yake ba ta, da sunka ƙare ya koma kamo mata gyare da fara. Wata bakwai ke nan. Yanzu bakinta ba ya rufuwa daidai. Muƙamuƙin ƙasa ya yi kamar ya ja baya, ya ɗan karkata gefe guda, in ta cafki gyare sai ya kuɓuce mata. Tafiyarta ma ta sake, jan ciki take yi. Maƙwabciyata ta ce faɗuwa ta yi, wani kuma ya ce haka Allah Ya halicce ta. Yaron ko abincin kirki ba ya ci saboda damuwa. Mi ke kawo wannan, kuma akwai magani?

Maman yaro, Mabera, Sakkwato

AMSA

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah Ya raya mana yaron, Ya saka miki da alheri da kika ajiye ƙyamar da kike yi kika rubuto saboda shi.

Abin da kika bayyana ya fi kama da laushin ƙashi, wanda ƙarancin sinadarin kalsiyam ke kawowa. Jan cikin nan da kika ambata a ƙarshe shi ya fi komai ja mini hankali. Da faɗuwa ce, da rana ɗaya za a wayi gari a ga bakin ya goce, ƙafafu kuma lafiya lau. Da halitta ce, da tun ranar da aka sauke akwatin a gidanku kun gani. Amma baki ya riƙa lanƙwashewa a hankali cikin watanni, ƙafafu su kasa ɗaga jiki, ga dabbar tana kan girma, ga abinci gyare da fara zalla ba a barbaɗa musu komai: wannan ciwo ne na ƙasusuwan jiki duka, a baki ne kawai ya fara fitowa fili. Ana iya tsayar da shi, amma ba ya son jinkiri.

Na ji maganarki ta cewa mun taso ana kashe tsaka. Haka ne, kuma ba al'ada kaɗai ba ce, akwai hadisai ingantattu a Bukhari da Muslim da suka yi umarni da kashe ta. Hukuncin ajiye irin wannan ta kiwo a gida magana ce ta malamai, kuma Sakkwato ba ta rasa waɗanda za ku tambaya ba, ke da mahaifinsa. Abin da ya rataya a wuyana shi ne in faɗa miki cewa muddin tana kulle a akwati a ƙarƙashin rufinku, ba ta da hanyar neman abin da jikinta ke buƙata sai abin da aka miƙa mata. Mun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba. Ko me kuka yanke daga baya, kada a bar ta cikin wannan hali.

Wannan da aka kawo muku ba tsakar bango ba ce irin wadda ke zagaye ƙwan lantarki da dare. Asalinta busassun wurare masu duwatsu ne na Afganistan da Pakistan da arewa maso yammacin Indiya da gabashin Iran. Ki sa yaron ya nuna miki da kyau, za ki ga tana ƙifta ido don tana da fatar ido, kuma yatsunta ba su da abin manne wa bango, 'yan farata ne kawai. Kitse take tarawa a wutsiyar nan mai kauri. In ta sami kulawa takan kai shekara 15 zuwa 20, wato tana iya ganin auren yaron nan. A dajinsu tana cin ƙwari iri-iri waɗanda su ma suka ci ganyaye iri-iri, tana lasar ƙasa da duwatsu, kuma da sassafe ko gab da magariba hasken rana yakan ɗan taɓa ta. Duk waɗannan akwatin gilashi ya raba ta da su.

Ga yadda ciwon ke faruwa. Jiki ba ya wasa da yawan kalsiyam ɗin da ke cikin jini, domin da shi zuciya ke bugawa, da shi jijiyoyi da tsoka ke aiki. In ya yi ƙasa, akwai wasu 'yan mitsi-mitsin gaɓoɓi a wuya, likitoci na ce musu faratayirod, sai su saki sinadarin da ke sa a narko kalsiyam daga ƙashi a zuba a jini. Yau a ɗiba, gobe a ɗiba, ba a mayarwa. Ƙashin da aka kwashe wa ƙarfinsa sai jiki ya cike gurbin da wani irin nama mai zare-zare, shi ya sa wani lokaci za ki ga fuska ko ƙafa ta kumbura har a ɗauka ƙiba ce. Muƙamuƙin ƙasa siriri ne, kuma kullum tsokar harshe da ta maƙogwaro na jan sa baya. Da ya yi laushi sai ya bi jan, ya buɗe ta gefe, ya gajarce ta gaba. Abin da kika gani ke nan da kika ce ya ja baya. Ke da kike kiwon kaji kin san kazar da ta soma yin ƙwai mai taushin ɓawo, daga baya ta gurfana ta kasa tashi. To asalin ciwon ɗaya ne.

Me ya sa gyare da fara ba su wadatar ba, alhali ƙwari ne abincinta? Ƙwaro ba shi da ƙashi. Ɓawon jikinsa ba da kalsiyam aka gina shi ba. Abin da ake so a abincin irin waɗannan dabbobi shi ne kalsiyam ya ninka wani sinadari da ake kira fosfaras kamar sau biyu, amma a jikin gyare da tsutsar da ake sayarwa don kiwo abin a juye yake, fosfaras ne ya ninka kalsiyam fiye da sau biyar. Ga shi kuma fosfaras in ya yi yawa yana tare wa ɗan kalsiyam ɗin da ke akwai hanyar shiga jiki. Ke nan dabbar tana ƙoshi, wutsiya na kauri, ƙashi kuwa na zagwanyewa. Ki gaya wa yaron ba rowa ya yi mata ba. Ya ciyar da ita iyakar saninsa, wanda ya ba shi ne bai haɗa masa da bayani ba.

Sai na biyu, bitamin D3. Ko an cika mata ciki da kalsiyam, hanji ba zai iya tsotse shi yadda ya kamata ba sai da wannan bitamin. Fata ce ke haɗa shi idan wani ɓangare na hasken rana da ake kira UVB ya sauka a kanta, sannan hanta da ƙoda su ƙarasa sarrafa shi. Gilashi na tare wannan haske kusan gaba ɗaya. Don haka ranar da ke shigowa ta gilashin taga ta ratsa gilashin akwati zafi kawai take kawowa. Mutane kan ce ai dabbar dare ce, ina ruwanta da rana. Gaskiya ne ba ta shanya jiki a fili kamar ƙadangare, amma fatarta na amfana da ɗan hasken da ta samu, in kuwa babu shi sam, dole bitamin ɗin ya zo ta abinci.

Bari in ɗan ratse, don abin ya shafi 'ya'yanmu ma. Yaran da ƙafafunsu ke yin baka ko gwame tun suna ƙanana, wuyan hannu ya kumbura, su ma laushin ƙashi ne. Wani bincike da aka yi a Jos aka buga a 1999 ya nuna cewa yaran Nijeriya masu wannan ciwo sun fi warkewa da aka ba su kalsiyam fiye da waɗanda aka ba bitamin D kaɗai. Rana ba ta yi mana kaɗan ba a ƙasar nan, abincin ne ke gazawa. In akwai irin wannan yaro a dangi, a kai shi asibiti.

Yanzu ga abin da nake so ku duba a jikin tsakar, ke da ɗanki, da rana a wuri mai haske. Ya wanke hannu, ya shimfiɗa tawul a ƙasa, ba kan tebur ba, ya ajiye ta ta yi tafiya. Mai lafiya takan ɗaga ƙirji da ciki daga ƙasa, ƙafafun gaba a miƙe. Mai laushin ƙashi za ku ga hannuwan sun lanƙwashe, tana takawa da wuyan hannu maimakon tafi, yatsu na ɗan karkarwa ko da tana tsaye, wani lokaci gadon baya ko wutsiya sun yi gwiwa-gwiwa. Sai ku dubi fuskar ta gaba daidai saitin hanci, ku ga ko gefen dama da na hagu sun yi daidai. Ni in an kawo mini irinta, nakan ɗora ɗan yatsa a ƙarƙashin haɓa in taɓa a hankali ƙwarai. Muƙamuƙi mai lafiya tauri gare shi, mai ciwo kuwa sai ka ji ya bi yatsa. Na taɓa tsayawa ina kallon wata da wani saurayi ya kawo a cikin robar fenti: ta hango gyare, ta kaɗa kan wutsiya yadda suke yi in za su kai cafka, ta kai masa daidai, amma bakin ya kasa riƙewa, gyaren ya zame ya fice ta gefe. Ta sake, ya sake zamewa. Yunwa na nan, ido na gani, ƙashin ne ya gaza. Ku dai kada ku matsa mata muƙamuƙi don gwaji, kuma kada a sa tsinke ko cokali a ɓanɓare bakin, don a wannan hali ƙashin na iya karyewa a hannu.

Akwai wasu abubuwan da ke karkatar da baki, kuma ya kamata a kawar da zarginsu. Mafi kusa shi ne ruɓewar baki. Wannan dabba tana da ƙananan haƙora kusan 100 da take sauyawa a kai a kai, in ƙafar fara mai ƙaya ta soki dasashi, ko sanyi da ƙazantar akwati suka raunana ta, ƙwayoyin cuta sukan shiga. Alamarsa ja a dasashi, yawu mai yauƙi, wari, da wani abu fari-fari ko rawaya da ke taruwa a gefen leɓe. Mugunyar dabbobi masu jan ciki ba ruwa-ruwa take ba irin tamu, daskarewa take yi ta zama dunƙule, sai ta ture muƙamuƙi gefe guda. Ba ta fashewa ta tsiyaye da kanta, sai likita ya buɗe ya kwashe, ya ba da maganin ƙwayoyin cuta, in an bar ta kuwa takan ci har ƙashi. Ƙarancin bitamin A na yawan share wa wannan ciwo hanya, kuma shi ne ke sa idanu su riƙa liƙewa, tsohuwar fata ta ƙi saɓulewa.

Rauni ma na nan, kamar yadda maƙwabciyarki ta yi zato: faɗowa daga hannu, cizon ƙarfen da ake miƙa mata abinci da shi, ko faɗa in an haɗa maza biyu a akwati ɗaya. Sai dai sau da yawa in ka bi diddigin karayar, za ka tarar ƙashin dama ya riga ya yi laushi. A tsofaffin dabbobi ciwon ƙoda kan kawo irin wannan laushi, amma taku ba ta tsufa ba.

Abu na farko da za ku yi shi ne kai ta wurin likitan dabbobi cikin makon nan. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana da tsangayar koyar da likitancin dabbobi da asibitin koyarwa a nan cikin Sakkwato. Ku sa ta a ƙaramar roba mai huji-huji, a shimfiɗa ƙyalle mai taushi, a fita da sassafe kafin rana ta yi zafi, kuma kada a bar robar cikin mota a rufe. Hoton ƙashi zai nuna yadda ƙasusuwan suka koɗe da ko akwai karaya. Likita ne zai auna nauyinta ya yanka mata ruwan kalsiyam na sha daidai jikinta, in tana karkarwa ko sanƙarewa kuma ya yi mata allura. Dabbar da duka nauyinta bai wuce giram 40 zuwa 60 ba, ɗigo ɗaya na maganin mutane ko na kaji yana iya fin ƙarfinta. Musamman bitamin D3, in ya yi yawa guba ne, yakan sa kalsiyam ya daskare a ƙoda da jijiyoyin jini. Kada a je kemis a sayo na yara a ɗiga mata.

Na biyu gyaran abinci, kuma wannan aikin yaron ne. Masu sayar da kayan irin waɗannan dabbobi a Legas da Abuja suna da garin kalsiyam da aka yi musamman dominsu, wani da D3 a ciki wani babu, da kuma garin bitamin mai ɗauke da bitamin A. Tunda baffansa ne ya kawo ta, shi ya kamata ya aiko da su. Kafin su iso kuna da mafita a madafa. Ɓawon ƙwan kaza fiye da kashi 90 cikin 100 nasa kalsiyam kabonet ne, sinadari ɗaya da dutsen da ake haƙowa a Kalambaina, kusa da Sakkwato. A tafasa ɓawon kamar minti 10, a ɓare 'yar fatar ciki, a shanya ya bushe ƙarau, a daka a turmi mai tsabta wanda ba a daka yaji a ciki ba, a tankaɗe da rariya mai laushi har ya yi lukui. In da saura tsaki-tsaki ba zai kama jikin ƙwaro ba. Sai ya zuba gyaren da za ta ci a leda, ya sa garin ɗan abin da yatsu biyu suka ɗauka, ya hura iska ya ƙulle bakin ledar ya girgiza. Za su fito fari fat. A ba ta nan take, don in an jima sukan goge jikinsu. Haka za a yi a kowane ci tunda tana kan girma, mai D3 kuwa sau ɗaya ko biyu a mako bisa abin da aka rubuta a jikin robar ko abin da likita ya ce. A kuma ajiye mata garin da babu D3 a murfin kwalba cikin akwati, za ta lasa da kanta.

Ina roƙon ki, Hajiya, kada wani ya ce kanwa ma ai fara ce. Kanwa gishirin sodiyam ce, ba abin da ake nema ba. Haka allin makaranta, da farar ƙasar shafe bango, da siminti, duk a nisanta su da ita. Garin ƙashi na abincin kaji ma ba shi ne zaɓi ba, don yana tafe da nasa fosfaras ɗin.

Su kansu ƙwarin a ciyar da su kafin a miƙa. Ya ajiye su a bokiti mai murfin raga kwana ɗaya ko biyu, ya zuba musu ɗanyen ganyen zogale, da karas ko kabewa, da ɗan abincin kaji masu ƙwai, wanda dama an ƙara masa kalsiyam. Abin da ke cikin hanjin gyare shi ne rabin amfaninsa. In kun san mai kiwon kifi ko kaji da ke renon tsutsar baƙin ƙudan nan da ake kira soja, ku nema, tana cikin 'yan ƙwarin da ke da kalsiyam mai yawa, ga taushi. Kada ya kamo ƙwari a inda aka yi feshi, ko gonar kayan lambu a fadama, ko ɗakin da aka zuba fiya-fiya. Soyayyar farar kasuwa mai gishiri da yaji kuwa ta mutane ce.

Tunda bakin ba ya riƙo, a zaɓi ƙananan ƙwari waɗanda ba su fi faɗin tsakanin idanunta ba, a cire musu ƙafafun baya. In duk da haka ta kasa, a murƙushe ƙwaron ya zama taɓo-taɓo a haɗa da ɗan garin, a ɗiga mata a kan hanci, za ta sa harshe ta lashe. Aiki ne mai cin lokaci, amma ya fi ɗura.

Cikin akwatin, in yashi aka zuba a kwashe shi yau. Dabbar da ke neman kalsiyam takan haɗiyi yashi, ya toshe mata hanji, ga tsokar hanjin ma ta yi rauni. A shimfiɗa takarda. A cire duk abin da za ta hau ta faɗo, kuma yaron ya haƙura da ɗaukar ta har sai ƙashin ya yi ƙwari.

Yanayin garinmu yana buƙatar nasa lissafin. Jikinta ba ya ɗumama kansa, kuma ba ta narkar da abinci sai da ɗumi. Ana so ƙasan gefe ɗaya na akwatin ya kai digiri 30 zuwa 32 a ma'aunin Salshiyas, ɗaya gefen kuma 24 zuwa 26, ta zaɓi inda take so. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura 40, ɗakin da ke da rufin kwano na iya halaka ta, sai a mayar da akwatin ɗaki mafi sanyi a gidan, a ƙasa. A hunturu kuwa, daren Disamba da Janairu ya yi mata sanyi, tana buƙatar abin ɗumamawa a ƙarƙashin gefe guda, in an ɗauke wuta a jingina gorar ruwan ɗumi da aka naɗe da ƙyalle ta waje. Bushewar iska ma na hana ta saɓa yadda ya kamata. A sami ƙaramin kasko a fasa masa ƙofa a gefe, a goge kaifin, a kife shi a kan ƙyalle mai danshi. Nan za ta riƙa shiga.

Batun haske, in za a samu ƙwan UVB marar ƙarfi wanda aka yi don dabbobin inuwa, a ɗora shi a kan murfin raga, ba gilashi ba, a sauya shi bayan wata 6 zuwa 12 ko da yana ci, don hasken da ake nema yakan ƙare kafin ƙwan ya mutu. In babu, ana iya fitar da ita da hantsi kafin rana ta yi ƙarfi, a kwando mai raga wanda aka rufe rabinsa, minti 10 zuwa 15, yaron na zaune a wurin. In ta shige inuwa a ƙyale ta. Amma akwatin gilashi kada a kuskura a ajiye shi a rana ko na ɗan lokaci, zafin da ke taruwa a ciki na kashewa cikin mintuna.

Ki shirya zuciyar yaron da gaskiya. In an kama hanya, karkarwa da kasala sukan ragu cikin 'yan makonni, ƙashi kuma ya ɗauki watanni kafin ya yi tauri. Sai dai a yadda ya lanƙwashe haka zai sandare. Bakin ba zai koma yadda yake a da ba. Da yawansu suna rayuwa shekaru da karkataccen baki suna cin abincinsu, in dai ana share musu gefen da dasashi ya fito waje don kada ya bushe ya yi gyambo. In kuma mace ce, ku sani tana iya yin ƙwai ko babu namiji, bibbiyu take yi sau da dama a shekara, kuma ɓawon kowanne daga jikinta ake cirar kalsiyam ɗinsa. Ba a fafe gora ranar tafiya, a gina mata ƙashi tun kafin ta kai wannan munzali.

Game da tsoron da ake yi cewa tsaka na da dafi ko tana sa kuturta: ba ta da dafi, kuturta kuma ƙwayar cuta ce dabam da ba ta da alaƙa da ita. Abin da yake gaskiya shi ne kashin dabbobi masu jan ciki na iya ɗauke da ƙwayar salmonela mai sa gudawa da zazzaɓi. Ya wanke hannu da sabulu duk lokacin da ya taɓa ta ko akwatinta, kada a wanke kayanta inda ake wanke kwanuka, kuma ƙannensa 'yan ƙasa da shekara 5 kada su taɓa ta.

TAMBAYA

Salam Baba Likita. Ni ɗalibi ne, ina da irin wannan tsaka mace da namiji, wa da ƙanwa ne daga wuri ɗaya na saye su. Ƙwai biyu sun ƙyanƙyashe. Ɗaya lafiya, ɗayan kuma tun ranar da ya fito muƙamuƙinsa na ƙasa ya fi na sama tsawo. Yana ci, yana gudu. In ƙara masa kalsiyam zai daidaita?

Ɗalibi daga Dundaye

AMSA

Wa alaikas salam ɗana. Naka dabam ne da na Hajiya. Wanda ya fito daga ƙwai da shi, ƙashinsa da tauri, ƙafafunsa a miƙe, wannan tawaya ce ta halitta, kalsiyam ba zai gajarta muƙamuƙin ba. Ka ba shi daidai yadda za ka ba ɗan'uwansa, kada ka ninka.

Abubuwa uku ake zargi a irin wannan. Ko gado, kuma haɗa wa da ƙanwa na ƙara fito da ɓoyayyen aibin da ke cikin jini. Ko uwar ta yi ƙwan alhali jikinta na da ƙarancin kalsiyam ko bitamin A. Ko kuma zafin da ƙwan ya kwanta a ciki ya yi ta hawa da sauka. Wannan na ƙarshe ka dube shi da kyau, don ƙwan wannan dabba na son zafi tsayayye tsakanin digiri 26 da 32, har ma zafin ne ke yanke jinsin ɗan: wajen 26 zuwa 27 galibi mata, wajen 31 zuwa 32 galibi maza. Ɗakin ɗalibi da ke gasuwa da rana, a ɗauke wuta da dare, da wuya ya riƙe wannan.

Ka raba uban da uwar, ka bar ta ta huta ta mayar da jiki. Shi kuma ɗan, ka riƙa auna shi kana kwatanta girmansa da na ɗan'uwansa, kana duba gaban dasashin da ke waje ko ya bushe ko ya yi ja. In ya girma kada ka sa shi cikin masu haihuwa, kuma in za ka ba wani shi, ka nuna masa bakin tun kafin ya karɓa.